Wai da gaske da mutum dubu 5 kacal Yarima Charles ya nufi Landan a 1745?

Sadauki_Bichi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun jiya da dare. Ina karanta labarin tawayen da aka yi a Skotland a 1745, lokacin da Yarima Charles Stuart ya taso daga Faransa zai ƙwato wa babansa sarautar Birtaniya daga hannun Sarki George na 2, sai na ci karo da cewa wai rundunar da ya tsallaka Ingila da ita ba ta wuce mutum 5,000 da 'yan kai ba. Abin ya ɗaure min kai wallahi. Ni a da ɗauka nake duk dangogin nan na kan tsaunuka sun fito kwansu da kwarkwatarsu, kowane shugaban dangi da mayaƙansa. To in haka ne ina sauran suka shige? Kuma su wane ne ma a cikin dubu biyar ɗin? Masana tarihin gidan nan a taimaka mana.

Baban_Ilham:
Wa'alaikumus salam. Dubu 5 ai ko filin ƙwallo ba za su cika ba. Ina jin kuskuren bugu ne, ƙila dubu 50 ake nufi.

Malam_Tarihi:
Ba kuskure ba ne Baban Ilham, haka lissafin yake. Amma Sadauki, kafin a ba ka amsa sai an tambaye ka wace rana kake nufi, don rundunar nan kamar kogi take, yau ta cika gobe ta janye. Yariman ya sauka a tsibirin Eriskay a watan Yuli 1745 da 'yan rakiya bakwai, jirgin da ya ɗauko masa makamai da sojoji ya yi karo da jirgin yaƙin Birtaniya a teku dole ya koma Faransa. Ranar 19 ga Agusta da aka ɗaga tuta a Glenfinnan mutum wajen 1,200 ne suka taru, kuma fiye da rabinsu mutanen Cameron ne da shugabansu Lochiel ya kawo, kusan 700, sai na MacDonald na Keppoch wajen 300. A Prestonpans ranar 21 ga Satumba sun kai 2,300 zuwa 2,500, da su suka tarwatsa sojojin Janar John Cope cikin abin da bai wuce minti 15 ba. Shiga Ingila a Nuwamba shi ne dubu 5 da ɗoriya da ka gani. Mafi yawan da suka taɓa tsayawa a fili guda shi ne a Falkirk ranar 17 ga Janairu 1746, wajen 8,000. Ranar ƙarshe a Culloden, 16 ga Afrilu 1746, sun sake komawa dubu 5 da wani abu.

Sadauki_Bichi:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma ina sauran dangogin? Tambayata kenan ta farko.

Malam_Tarihi:
Da yawa sun ƙi fitowa, wasu kuma sun fito amma a ɓangaren gwamnati. Tun 1724 Janar Wade ya kai wa sarki rahoto cewa masu iya ɗaukar makami a ƙasar tsaunuka sun kai 22,000, a cikinsu wajen 10,000 na gwamnati ne, 12,000 ne ake tsoron za su bi gidan Stuart. Ka ga tun daga tushe ba kansu haɗe yake ba. Manyan shugabanni biyu na tsibirin Skye, MacLeod da MacDonald na Sleat, waɗanda Yarima ya sa rai da su ƙwarai, cewa suka yi tunda ya zo ba sojan Faransa ba su ba fita. Dangin Campbell kuwa, da su ne mafi ƙarfi, suna bayan gwamnati, haka Munro da Mackay da Sutherland.

Yar_Gidan_Liman:
Ni abin da na sani shi ne yaƙin addini ne. 'Yan Skotland Katolika, 'yan Ingila Furotesta, shi kenan.

Dogo_Aberdeen:
A'a Hajiya, wannan ita ce maganar da kowa ke zuwa da ita amma ba haka take ba. Yariman kansa Katolika ne, gaskiya, da wasu dangogin yamma irin su Clanranald da Glengarry, amma Katolika tsiraru ne a rundunar. Mafi yawan jagororin 'yan cocin Episkofal ne, su ma Furotesta ne, sai dai limamansu sun ƙi yi wa gidan Hanover, wato gidan Sarki George, mubaya'a. Kuma ba Skotland da Ingila ne suka kara ba. A Culloden cikin bataliya 16 na sojan ƙasa da Cumberland, kwamandan sojan gwamnati, ya zo da su, huɗu na 'yan Skotland ne.

Ni nan Aberdeen nake karatu shekara ta uku kenan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bibiyar abin shi ne wannan yankin da nake zaune, arewa maso gabas, wanda ba ƙasar dangogi ba ce kamar yamma, ya ba da mayaƙa masu yawan gaske. Rundunar Lord Ogilvy daga Angus take, ta Lord Lewis Gordon daga nan Aberdeen da Banff, mahayan Lord Pitsligo su ma 'yan nan ne. Manoma ne da masaƙa da barorin gida da 'yan tireda, da yawansu ko yaren Gaelik ba sa ji. Har daga cikin birnin Edinbara an ɗebi mutane aka yi runduna guda a ƙarƙashin John Roy Stewart. Masu bincike na yanzu suna cewa in aka haɗa duk wanda ya taɓa shiga daga farko zuwa ƙarshe za a samu tsakanin 11,000 da 14,000, kuma 'yan tsaunuka na ainihi ba su kai rabi ba ko kuma da ƙyar suka kai.

Yar_Gidan_Liman:
Ikon Allah. To na gode ƙanena, na ƙaru. Amma duk zanen da nake gani ai da mayafin nan nasu mai gidan dara ake nuna su gaba ɗaya.

Dogo_Aberdeen:
Eh ai shi ya rikita mutane Hajiya. Shigar 'yan tsaunuka suka mayar kamar yunifom ɗin rundunar, har wanda bai taɓa taka dutse ba sai ya yafa, ga shuɗiyar hula da farin ƙyalle a manne a jiki a matsayin alama. Shi kansa Yariman da aka haifa a Roma haka ya riƙa shiga. Mutumin ƙauyen Ingila da ya hango su daga nesa ai cewa zai yi duk 'yan dutse ne.

Kawu_Maradi:
Ku dakata min kaɗan yara. Ni abin da nake so in gane shi ne yadda shugaban dangi yake tara mutanensa. Shela ake yi ko kuwa? Don a wajenmu kakana yana ba mu labari in sarki zai fita yaƙi kowane hakimi da nasa adadin dawaki da dakarun da zai kawo, kuma ba a fita sai an gama girbi.

Malam_Tarihi:
Kawu kamar ka sani, akwai kama sosai. Ƙasar ta shugaban dangi ce. Shi yake yanka manyan filaye ya ba 'yan'uwansa na jini, ƙannai da 'ya'yan baffanni, su kuma su rarraba wa talakawa su noma su yi kiwon shanu. To in yaƙi ya zo waɗannan 'yan'uwan su ne hafsoshi, kowa ya kawo mutanen da ke zaune a filinsa. Akwai tsohuwar al'ada ta zagayawa da gicciyen itace da aka babbaka bakinsa, daga ƙauye zuwa ƙauye, duk namijin da ya gani ya san kira ne. Shi ya sa rundunonin ba girmansu ɗaya ba, wata 700 wata 120 kamar ta MacDonald na Glencoe, amma kowace da kanar ɗinta da kaftin-kaftin rututu, don ba za ka ce wa ɗan baffan shugaba ya tsaya a sahun talakawa ba. Hafsoshi sun yi yawa har abin ya zama matsala. Sahun gaba na masu hali ne, su ke da bindiga da takobi da garkuwa da wuƙa, sule guda ake biyansu a rana. Na baya sisi.

Kawu_Maradi:
Sule da sisi! Waɗannan kuɗin ai mun taɓa su da hannunmu in mun tsallaka Jibiya cin kasuwa muna yara. Ashe tun wancan zamanin suke.

Ummu_Hanifa:
Malam ka yi haƙuri amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Yadda ka kawo shi kamar kowa da son ransa ya fito saboda kishin dangi. Talakawa da yawa tilasta su aka yi. Ana zuwa har ƙofar gida a ce ko ka fito ko a cinna wa rufin ɗakinka wuta a kora shanunka, kuma mutumin da shanu huɗu ne duk abin da ya mallaka a duniya ga mata ga yara ga hunturu na tafe, me zai ce? Mutanen Lochiel sun yi haka, a Atholl ma an sha fama da mutane kafin su fito kuma suna fitowa suna sulalewa. Shi Lord Lewis Gordon da Dogo ya ambata doka ya kafa wa masu filaye, ko su kawo mutum da kayan yaƙinsa gwargwadon darajar filinsu ko su biya fam 5 a madadin kowane mutum. Ni duk lokacin da aka ce dubu kaza, waɗannan nake tunani, da matan da aka bari da girbin hatsi a watan Satumba ba maza.

Malam_Tarihi:
Gaskiyarki Ummu Hanifa, ban musa ba. Sai dai a riƙa tunawa yawancin wannan bayanin ya fito ne daga bakin fursunoni a gaban alƙali, kuma duk wanda igiya ke jiran wuyansa zai ce tilasta shi aka yi. Akwai na dole, akwai na ganin dama, akwai wanda ya bi don ƙin haɗewar da aka yi da Ingila a 1707, wannan ma ya ja mutane da yawa.

Ummu_Hanifa:
Na yarda, amma gidajen da aka ƙona ba a kotu aka ƙirƙire su ba.

Tsohon_Soja_82:
Ni dai a matsayina na wanda ya yi shekara 22 da kaki, adadin da ke kan takarda bai taɓa burge ni ba. Ka tambayi mutum nawa suka ci abinci, nawa suka yi barci. Ku duba abin da ya faru kafin Culloden. Kuɗi sun ƙare, jirgin da ya ɗauko zinariya daga Faransa an kora shi gaɓa a can arewa a watan Maris gwamnati ta kwashe, har ta kai da garin hatsi ake biyan soja. Ranar 15 ga Afrilu biskit ɗaya aka raba wa kowane mutum. Da daddare aka ce su taka kusan kilomita 19 zuwa Nairn su afka wa sansanin Cumberland cikin duhu, ba su isa ba gari ya fara wayewa, aka juyo da su. Wallahi na san wannan gajiyar, mun taɓa kwana muna tafiya a daji ba ruwa, da safe ko sunanka aka kira sai ka yi tunani kafin ka amsa, ƙafa ta kumbura a cikin but, mutum yana tsaye yana barci. To haka waɗannan suka dawo, wasu suka zube a gindin shinge, wasu suka wuce Inverness neman abin da za su sa a baki, ana buga gangar yaƙi ɗaruruwa ba su ma farka ba. Saboda haka in an ce dubu 5 a Culloden, ni a wajena ba su kai haka ba.

Baban_Ilham:
Oga to ai ko sun ƙoshi ba za su ci ba. Takobi da garkuwa a gaban igwa da bindiga?

Dogo_Aberdeen:
Baban Ilham wannan ma sai an gyara. Bayan yaƙin da aka tattara makaman da ke filin, bindigogi 2,320 aka ƙirga, takubba 190 kacal. A farkon tawayen ne suke da ƙarancin makami, a Prestonpans har akwai waɗanda suka ɗaura dogon lauje a kan sanda. Amma daga baya sun kwashi na sojojin Cope, jiragen Faransa da na Sifen kuma sun sauke musu bindigogi da banati. Zuwa 1746 yawancinsu da bindiga suke yaƙi kamar kowane soja.

Tsohon_Soja_82:
Ɗana Dogo, a yi hattara da wannan lissafin. Wanda zai gudu bindiga yake fara yarwa don nauyi, takobin gado kuwa da shi zai tsere. Kuma sojan da ya ci yaƙi in ya tsinci takobi mai kyau ba zai kai sito a rubuta ba, a kayansa zai ɓoye. Ban ce ba su da bindigogi ba, amma 190 ɗin nan ba shi ne adadin takubban da suka shiga filin ba.

Dogo_Aberdeen:
Wannan gaskiya ne Baba, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Duk da haka ratar tana da yawa.

Bari in ɗan faɗi abin da na gani da idona tunda na je wurin bara a watan Afrilu. Fili ne shimfiɗaɗɗe a gabashin Inverness, ba tudu ba kwari, iska mai sanyi tana dukan fuska kamar ana watsa maka ƙanƙara. An kakkafa tutoci, ja a layin gwamnati shuɗi a layin mutanen Yarima, to da na tsaya a wajen shuɗayen na hango jajayen sai na ga tazarar da mutum zai keta a guje ana yi masa ruwan harsashi. Ta ɓangaren hagu inda MacDonald suka tsaya ƙasar duk damshi ce, na sauka daga kan hanya taku biyu takalmina ya nutse har idon sawu. Sannan ga duwatsun kaburbura a jere a cikin ciyawa, kowanne an sassaƙa sunan dangi, Fraser, Cameron, Mackintosh, Stewart na Appin, wasu kuma an rubuta gaurayen dangogi kawai don ba a san ko su wane ne ba. A 1881 aka kafa su. Na daɗe a gaban na gaurayen nan. Mutum wajen 1,500 suka mutu a ɓangarensu cikin ƙasa da awa guda, na gwamnati kuwa wajen 50 a ranar.

Yar_Gidan_Liman:
Innalillahi. Allah ya kiyashe mu da fitina.

Abba_Kofar_Mata:
Tambaya a gefe, su ne masu algaitar nan mai jaka da bandin sojoji da 'yan sanda suke busawa a fareti?

Kawu_Maradi:
Su ne Abba. Ta hannun sojan Ingila ta iso ƙasashen nan.

Sadauki_Bichi:
Mu dawo kan lissafi don Allah. Malam ka ce 8,000 a Falkirk, kuma sun ci wannan yaƙin. To ya aka yi cikin wata uku suka koma dubu 5? Wanda ya ci nasara ai ƙaruwa ya kamata ya yi.

Malam_Tarihi:
A rundunar dangi nasara ma tana rage mutane. Duk wanda ya samu ganima, doki ko bargo ko agogo, so yake ya kai gida ya ajiye ya leƙa iyali sannan ya dawo in ya ga dama. An yi haka bayan Prestonpans, an yi bayan Falkirk. Ga kuma tsautsayi, washegarin Falkirk wani daga mutanen Clanranald yana goge bindiga ta tashi ta kashe Angus ɗan shugaban Glengarry wanda ke jagorantar rundunarsu, aka kashe mai bindigar don a huce amma duk da haka mutanen Glengarry da dama suka kama hanyar gida. Sannan da suka koma arewa sai aka rarraba su aiki wuri-wuri. Rundunar Cromartie an yi mata kwanton ɓauna a Sutherland ana gobe Culloden. Mutanen Cluny MacPherson suna hanya ba su iso ba aka gama. Wasu Fraser ma haka. Ka ga ba mutuwa suka yi ba, ba sa wurin ne kawai.

Hafsat_Zinder:
Ba wanda ya ambaci Faransawa. Ni a makaranta ta wannan ɓangaren muka karanta shi, cikin yaƙin gadon sarautar Ostiriya. Sojan Birtaniya suna can Flanders an doke su a Fontenoy a watan Mayu 1745, shi ya sa da farko ƙasar ba sojoji da yawa, daga baya dubu 5 suka isa Derby ranar 4 ga Disamba, kilomita 200 da 'yan kai zuwa Landan. Kuma a ƙarshen Nuwamba Lord John Drummond ya sauka a Montrose da sojojin Sarkin Faransa wajen 800, 'yan asalin Skotland da Ailan ne masu aiki a rundunar Faransa, daga baya aka ƙaro wasu mahaya. Su ne ƙwararrun soja na gaske a cikin tafiyar, kuma a Culloden su suka tsaya suka kare bayan masu gudu. Da aka kama su an ɗauki yawancinsu a matsayin fursunonin yaƙi, sauran kuwa 'yan tawaye aka kira su.

Baban_Ilham:
To 'yan Ingila fa? Ba wanda ya bi shi a can?

Hafsat_Zinder:
Kaɗan ƙwarai Yaya. A Manchesta ne kawai aka samu mutum 200 zuwa 300 aka yi musu runduna a ƙarƙashin Francis Towneley. Rashin fitowar 'yan Ingila da rashin saukar Faransa a kudu su ne hujjar Lord George Murray, babban janar ɗin Yarima, da sauran shugabanni a Derby da suka ce a juya, Yarima yana so a ci gaba suka rinjaye shi. 'Yan Manchestan nan kuma su aka bari gadin Carlisle da ake komawa, Cumberland ya kama su, Towneley da hafsoshinsa da dama aka kashe su a Landan.

Ummu_Hanifa:
Wani abin da ke rikita ƙirgan dangogi kuma, gida ɗaya sai ka ga ya rabu biyu. Shugaban Mackintosh kaftin ne a sojan gwamnati, matarsa Anne tana da shekara ashirin da 'yan kai ta hau doki ta zagaya ta tara wa Yarima ɗaruruwan mutanen dangin, har aka kama mijin aka damƙa mata shi a hannu. A Atholl wa da ƙanne ne, ɗaya yana riƙe da sarauta a ɓangaren gwamnati, babban wansu da ƙanensu Lord George suna wancan ɓangaren. Tsoho Lovat na Fraser ya tura ɗansa da mayaƙa shi ya zauna a gida yana rubuta wa gwamnati wasiƙun biyayya. To irin wannan dangin a wane layi za ka rubuta su?

Tsohon_Soja_82:
Dabara ce ta kada gona ta salwanta, duk wanda ya ci akwai ɗan gida a wajensa. Shi Lovat dai ba ta fisshe shi ba, an sare masa kai a Landan a 1747 yana da shekara kusan 80.

Kawu_Maradi:
Talakawan da Ummu Hanifa ta yi magana a kansu fa, waɗanda aka kama, me aka yi da su?

Malam_Tarihi:
Fursunoni sun kai wajen 3,470 Kawu. An kashe kusan 120. Na ƙasa-ƙasa ƙuri'a aka riƙa yi musu, cikin kowane 20 a fitar da ɗaya ya fuskanci shari'a. Fiye da 900 aka loda a jirgi zuwa Amurka da tsibiran Karibiyan aikin gona na dole, wasu da yawa sun mutu a kurkuku da cikin jiragen da aka tsare su. Daga takardun waɗannan fursunonin ne ma aka san sana'o'insu da garuruwansu da shekarunsu, akwai yara 'yan sha uku sha huɗu akwai tsofaffi masu furfura. Bayan nan majalisa ta hana ɗaukar makami da sa tufafin tsaunuka, hanin tufafin sai 1782 aka ɗage shi, aka kuma ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi.

Sadauki_Bichi:
Na gode ƙwarai jama'a. Amma har yanzu akwai abin da bai zauna min ba. In 'yan tsaunuka ba su kai rabi ba kamar yadda Dogo ya ce, me ya sa a duk yaƙe-yaƙen ukun su ne a sahun gaba, kuma duwatsun kaburburan duk sunan dangi ne? Ni gani nake ko da ba su ne mafi yawa ba, su ne rundunar.

Dogo_Aberdeen:
A Prestonpans kam kusan duk su ne, ban ja ba. A Culloden ma sahun farko nasu ne shi ya sa mutuwar ta fi yawa a cikinsu, Stewart na Appin kaɗai sun rasa wajen mutum 90 cikin 300. Amma rundunar Ogilvy ta fita daga filin a jere da tutarta ta isa Ruthven, kuma ba don irinsu da sojan Faransa a sahu na biyu ba da waɗanda suka tsira ba su kai haka ba.

Malam_Tarihi:
Sadauki ka ƙara da cewa a tawayen 1715 jagoransa Mar ya tara mutanen da suka fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, amma babbar rundunarsa ko kogin Forth ba ta tsallake ba. In an samu lokaci gobe sai mu buɗe wannan, don a can ne za ka ga dangogin da suka fito a 1715 suka ƙi fitowa a 1745 da dalilin kowannensu.

Hafsat_Zinder:
Malam in za a buɗe a sa da na 1719 don Allah, wanda sojan Sifen suka yi yaƙi a Glen Shiel. Shi kullum tsallake shi ake yi.